Yadda muke shirya zagayen gidaje na coci a ƙaramin gari

Shekara shida ke nan ina cikin kwamitin da ke shirya zagayen gidaje na cocinmu, a wani ɗan ƙaramin gari na tsakiyar Amurka inda kowa ya san motar kowa. Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda abin yake: iyalai huɗu ko biyar su yarda su buɗe ƙofofinsu na yini ɗaya, yawanci Asabar ta farkon Disamba bayan an ƙawata gida don Kirsimeti, jama'a su sayi tikiti su bi gida-gida suna kallo, kuɗin kuma ya shiga aikin da ikilisiya ta zaɓa. Namu yana tafiya ne rumbun abincin mabuƙata da ke bayan coci.

Al'adar ta daɗe a ƙasar nan. Ƙungiyar masu lambu ta jihar Virginia, Garden Club of Virginia, ta fara buɗe gidaje da lambuna ga 'yan kallo a 1929, matan garin Natchez na jihar Misisipi kuma suka fara nasu a 1932, kuma har gobe ana yi. Waɗannan manya ne, masu jawo baƙi daga nesa. Namu ƙanensu ne, kuma yawancin masu shiga gidan sun san mai gidan, wasu ma layinsu ɗaya a coci ranar Lahadi. Wannan sanayyar ita ce daɗin abin, ita ce kuma nauyinsa. Matar da ta bari mutum ɗari biyu suka ratsa falonta da madafarta, amanar sirrin gidanta ta damƙa muku. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya taso.

Ku fara neman gidaje tun watan Maris ko Afrilu. Mai gida yana buƙatar wata da watanni ya yi fenti, ya gyara matakalar da ke motsi, ya kuma shawo kan maigida ko uwargida, don sau da yawa ɗaya ne ya yi ɗoki ɗayan yana ɗari-ɗari. Kada a roƙi kowa daga kan mumbari, kada kuma a tare mutum a bakin ƙofa bayan sujada a gaban jama'a. Kunya za ta sa ya ce to, ya koma gida yana nadama. Mutum biyu daga kwamiti su je har gida, su faɗi gaskiyar yawan mutanen da ake sa rai, su ce a yi shawara a ba da amsa bayan mako biyu. Wanda ya ce a'a, a yi masa godiya da zuciya ɗaya, kada a sake tayar masa da maganar a bana.

Gida huɗu sun isa, biyar iyaka. Mun taɓa yin bakwai, tsofaffi suka gaji tun a na huɗu, masu gidajen ƙarshe kuma suka wuni suna jiran baƙin da ba su zo ba, abin da ya yi mini ciwo ƙwarai. Kada kuma ku bi gidajen masu hali kaɗai. A duk shekarun nan, gidan da aka fi yin maganarsa wani ɗan madaidaici ne mai ɗaki biyu, irin waɗanda kamfanin Sears ya riƙa sayarwa ta littafin talla daga 1908 zuwa 1940, a loda katakon a jirgin ƙasa, mai gida ya ɗauko daga tasha ya harhaɗa. Dattijuwar da ke ciki ta sauka da mutane ɗakin ƙarƙashin ƙasa tana haska musu lambobin da aka buga a jikin katako don mai gini ya san inda kowanne zai shiga. Mazan da matansu suka jawo dole, a nan suka ƙi fita. Idan akwai gidan da ke cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa, wadda dokar 1966 ta kafa, ku sa shi, amma ku haɗa da gidan gona, ko gidan sababbin aure, ko gidan fasto in ya yarda. Kuma duka su kasance kusa da juna, tafiyar minti goma a mota.

Wata guda kafin ranar, ku zagaya kowane gida tare da mai shi, ɗaki-ɗaki. Wannan shi ne aikin da ba na bar wa kowa. Mai gidan ne zai faɗi ɗakin da za a shiga, wanda za a leƙa daga bakin ƙofa a ɗaura ƙyalle a tare, da wanda za a kulle. Ba a ja masa. Sai ku taya shi ganin abin da idonsa ya saba da shi har ya daina gani. Magunguna su bar banɗaki da madafa gaba ɗaya. Bindiga, a gidan da ake da ita, ta shiga akwatin ƙarfe mai makulli, a ɗakin da ba a shiga. Zinariya da ƙananan kayan gado da za su shige aljihu a kwashe. Sannan takardu: wasiƙun banki, takardar asibiti, kalandar da ke manne a firji mai nuna ranar da iyali za su yi tafiya, hoton yara mai ɗauke da sunan makarantarsu. A shekarata ta biyu wata kwalbar maganin ciwo ta ɓace daga banɗakin wani gida. Ba mu san wanda ya ɗauka ba, ba mu kuma zargi kowa ba, amma matar ta daɗe ba ta saki jiki da mu ba, kuma gaskiyarta. Tun daga ranar, banɗakin gidaje a rufe yake, mai buƙata ya je na coci. Kare da kyanwa kuma a kai su gidan dangi tun da safe.

Maganar inshora a yi ta da wuri, a rubuce. Ma'ajin coci ya kira kamfanin da ke riƙe da inshorar ikilisiya ya tambaya ƙarara ko ta shafi taron da aka yi a gidan wani, kuma ko za a iya ƙara sunayen masu gidajen na wannan yini, a karɓo takardar shaida. Kowane mai gida ma ya kira nasa kamfanin ya sanar da su cewa za a shigo da tikitin kuɗi. Kada ku tsaya a kan "ai babu komai". Disamba ce, matakala na santsi.

Adireshin gidaje ba ya hawa Facebook, ba ya shiga jarida. A talla ku ce gidaje biyar, ku faɗi rana da lokaci da inda ake sayen tikiti. Adireshi da taswira suna jikin tikitin, kuma a coci ake karɓarsa a safiyar ranar. Haka nan ba a ɗaukar hoto a cikin gida. Ku rubuta a tikiti, ku manna a ƙofa, mai tarbar baƙi kuma ya faɗa da baki cikin fara'a. Wasu za su ji haushi, amma hoton falon mutum da ya hau intanet ba ya saukowa.

Kowane gida yana buƙatar shugaba ɗaya, da mai tsaron ƙofa mai huda tikiti, da mutum guda a kowane ɗakin da aka buɗe. A ba kowa 'yar takarda mai abu uku ko huɗu da mai gida ya yarda a faɗa: shekarar gini, wanda ya ɗinka bargon da ke kan gado, daga ina agogon bango ya zo. Abin da ba a rubuta ba, kamar nawa aka sayi gidan, amsarsa murmushi. A canza masu aiki bayan awa biyu, a kuma ba su damar zaga sauran gidajen kyauta. Game da mai gidan kansa, wasu sun fi so su fita yini guda, wasu su zauna su yi hira. Ni na fi son ya zauna, don labari daga bakin mai shi ya fi armashi, amma zaɓinsa ne. A bakin ƙofa a ajiye kwandon safar leda da ake sawa a kan takalmi, da kujera don tsofaffi su zauna su saka. Mutum goma sha biyu zuwa sha biyar a ciki lokaci guda, saura su jira a baranda. Kyandir mai wuta kuwa babu shi, ko da an kira abin zagayen kyandir. Na batir ya wadatar, don ga ganyen ado busasshe, ga rigunan sanyi suna gogar tebur.

Dokar naƙasassu ta 1990 ba ta ɗora wa coci abin da ta ɗora wa shaguna da otal ba, amma lamiri ya ɗora. Ku rubuta a tikiti gidan da ke da matakala da yawa da wanda keken guragu zai iya shiga, don kada tsohuwa ta biya kuɗi ta tsaya a waje. Ku sanar da maƙwabtan kowane gida mako guda kafin ranar, ku ba su tikiti kyauta, ku kuma gaya wa 'yan sandan gari saboda ajiye motoci. In za ku yi jigila da motar coci, ku tuna motar da aka ƙera don mutum 16 ko fiye, har da direba, sai mai lasisin tuƙin manyan motoci, wato CDL. A wajenmu rana na faɗuwa kafin ƙarfe 5 a Disamba, shi ya sa muke buɗewa ƙarfe 10 mu rufe ƙarfe 3. A ajiye shebur da gishirin narkar da ƙanƙara a kowace ƙofa, a kuma yanke tun farko wa zai ce an ɗage in dusar ƙanƙara ta yi yawa.

Kuɗi, mutum biyu ke ƙirgawa, waɗanda ba dangin juna ba, su sa hannu tare. Kada ku ce wa mai saye kuɗin tikiti baiko ne da zai cire daga harajinsa. A wajen hukumar haraji ta Amurka, IRS, abin da ya haura darajar abin da mutum ya samu shi kaɗai ne kyauta, kuma in biyan ya wuce dala 75 dole coci ta ba shi takarda mai bayyana hakan. Ranar Lahadi mai zuwa a faɗa wa ikilisiya abin da aka samu da inda ya tafi.

Da an rufe ƙofa, masu aikin kowane gida ba sa tafiya sai sun share, sun goge, sun mayar da kujeru mazauninsu, sun kuma zagaya da mai gida ya duba kayansa da idonsa. Abin da ya fashe, coci ta biya ba tare da ya roƙa ba. Muna kai wa kowane iyali abincin daren ranar, don babu mai ƙarfin girki bayan wannan wuni. Cikin makon kuma fasto da shugabar zumuntar mata sukan rubuta musu wasiƙar godiya da hannu, ni kuma in koma da kaina in tambayi uwargida abin da ya dame ta wanda ba ta faɗa a gaban mutane ba, in rubuta shi a littafin kwamiti kafin Maris ya zagayo.