In rufin bene ya yi yoyo a Faransa, kada ka yi saurin shafe shi

Ƴan uwana Damagarawa da kuka sauka Faransa kwanan nan, sannunku da zuwa. A gida, in damina ta tsaga bango a Birni ko Zango, magini ake kira ya yaɓe, in rigima ta tashi a je gaban mai unguwa. A benen haɗaka na nan kuwa, takarda ce ke magana.

Ni na sha wuya kafin in gane. Hunturuna na farko, wani tabo kamar shatar gindin tukunya ya fito a silin ɗakin yara. Don kada a ce baƙo ya cika ƙorafi, na sayo fenti na shafe. Bayan wata biyu filasta ta rufto kan katifa, kuma tambayar farko da mai asurans ya yi mini ita ce: ina hoton ranar da abin ya fara?

Dokar 10 ga Yuli 1965 ta raba bene gida biyu: cikin ɗakinka naka ne, rufi da tushe da matakala na kowa ne, sandik, wato wakilin da aka naɗa don gudanar da benen, ke kula da su da sunan masu gidaje. Dokar Spinetta ta 1978 kuma ta ɗora wa wanda ya gina alhakin shekara 10 kan duk aibin da ya taɓa ƙarfin gini ko ya hana zama cikinsa. Ƙananan kayan da ake iya cirewa, irin famfo, shekara 2 ne. A shekarar farko kuwa, duk aibin da aka nuna masa dole ya gyara. Ku riƙe wannan da kyau: lissafi yana farawa daga ranar da aka karɓi aikin gini, ba ranar da ka shiga ba.

Yawancinku haya kuke. To, ɗauki hoto, sanar da asurans ɗinka cikin kwanakin aiki 5, ka aika wa mai gida wasiƙar rakomande mai rasit, wato wadda sai ya sa hannu kafin ya karɓa. Kiran waya ba shaida ba ne. Kuma don Allah kada ka riƙe kuɗin haya don fushi, kai za ka koma mai laifi.

Wanda Allah ya hore wa saye kuwa, kafin ya sa hannu gaban notar, wato jami'in da ke tabbatar da takardun cinikin gida, ya nemi ranar karɓar ginin da takardar asurans ɗin da ke biyan gyara tun kafin kotu ta ce wane ne mai laifi.