Yadda Za Ka Zana Naushi Ɗaya Ya Yi Nauyi: Darasi Daga Gidan Damben Dei-Dei

Naushin katun na farko da na taɓa zanawa ya ci min takarda 40 da dare biyar. Da na haɗa shi a waya na miƙa wa ƙanena, sai ya kalla sau biyu, ya ɗago kai ya ce, "Yaya, mai yake shafa masa ne?" Na ji haushi, amma gaskiya ya faɗa. Hannun ya taso a hankali, ya isa kunci a hankali, ya koma a hankali, kai ka ce uwa ce ke shafa wa ɗanta man kaɗanya da hunturu. Kowace takarda in ka ɗauke ta ita kaɗai ba ta da makusa, har jijiyoyin damtse na fitar. Da suka haɗu kuwa, sai faɗan ya mutu.

A shagon fotokwafi nake aiki a Kubwa, Abuja, kuma ban yi makarantar zane ba. Abin da zan ba ka a nan daƙiƙa biyu ne kacal na katun: 'yan dambe biyu, naushi ɗaya, kisa ɗaya, wato kai abokin karawa ƙasa. In ka iya wannan, kareti da kunfu irin na finafinan Cana ba za su gagare ka ba, domin jikin ɗan Adam ɗaya ne ko a Beijin ko a Bakura.

Fara da lissafi, don kada ka ɗauko abin da ya fi ƙarfinka. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa. Masu katun na hannu sun saba barin zane ɗaya ya zauna a gurbin hoto biyu, wato zane 12 ke nan a daƙiƙa. Mutanen Jafan a katun ɗinsu na talabijin sukan sauko har zuwa 8. Minti ɗaya a kan 12 zai ci zane 720. Rim ɗin takardar A4 guda 500 ne, ka ga ko daƙiƙa 42 bai cika ba. Duk wanda ya ce maka zai fara da faɗan minti biyar, ka yi masa addu'a kawai. Namu zane 24 ne. Ka raba A4 biyu, ƙaramar takarda ta fi saurin cika, kuma tana hana ka ɓata lokaci wajen ƙawa.

Kayan aiki ba su da yawa. Ana buƙatar gilashi da haske a ƙarƙashinsa, don ka riƙa hango zanen baya ta cikin takardar da kake kai. Nawa akwati ne da wani kafinta ya buga min a kasuwar katako ta Dei-Dei, na sa mai gilashi ya yanko murfi, na liƙa farar takarda a ƙasan gilashin don hasken ya bazu, na jefa fitila mai caji a ciki. Mai caji, domin ba ta zafi, kuma ɗauke wuta ba ya tsayar da kai. Sai fensir 2B, da shuɗin fensir na zanen gwaji, da kilina.

Abin da bai kamata ka yi wasa da shi ba shi ne turakun takarda. In takardunka ba sa zama a wuri ɗaya daidai, mutanenka za su riƙa karkarwa a allo kamar masu zazzaɓi. Abin huda takarda na ofis yana yin huda biyu, faɗin kowace kamar milimita 6, tsakaninsu santimita 8. Samu 'yan guntayen itace biyu masu wannan kaurin, ka kafa su a jikin tsohuwar rula da gam, ka manne rular a gefen gilashin da salatif. Kada ka huda takarda fiye da uku ko huɗu a lokaci guda, hudar takan goce. Wanda ke da waya mai girman fuska ko kwamfuta yana iya yin wannan duka a FlipaClip ko Krita ko Pencil2D, inda ake kunna abin da suke kira ɓawon albasa, mai nuna maka inuwar zanen baya. Ni dai ina ganin a fara da takarda. Ba ta da maɓallin komawa baya, don haka sai ka yi tunani kafin ka ja layi.

Yanzu ajiye fensir ka je kallo.

Bayan maganar ƙanena, na shafe safiyoyin Lahadi da dama a gidan dambe da littafin zane a cinya. Da farko hannun da aka naɗe da zare nake bi da ido, wanda ake kira mashi, tunda shi ke kisa. Wani dattijo mahauci da ke zaune kusa da ni, wanda daga ganin hannunsa ka san ya sa zare a zamaninsa, ya leƙa littafin ya yi dariya. "Yaro, duk hannu ka zana. Ina ƙafafun?" Na ce, "Baba, ai da hannu ake bugu." Ya nuna fili da haɓa ya ce in kalli diddigen wancan bahagon, in manta da sauran jikinsa.

Na kalla. Kafin mashi ya motsa, mutumin ya ɗan zauna a kan ƙafar baya. Sai diddigen ya ɗaga ya juya, ƙugu ya bi, ƙirji ya bi, kafaɗa ta bi, hannun shi ne na ƙarshe, ya taho kamar bulala. Duk wannan a ƙiftawar ido. Sauran turmin kuwa, wato zagayen faɗan, wanda ya fi tsawo nesa ba kusa ba, babu abin da ake yi sai auna juna: ƙafafu a buɗe, hannun garkuwa a miƙe da tafi a buɗe yana lalube, kalangu na zuga. A nan na gane cutar zanena. Na raba takarda 40 daidai wa daida a kan tafiyar hannu, alhali tafiyar hannun ita ce ta fi komai gajarta.

In za ka ɗauki bidiyo a can, nemi izini, kuma ka sa wayar a yanayin da ke jan motsi a hankali. In a YouTube kake kallo a kwamfuta, tsayar da bidiyon ka riƙa danna maɓallin aya da na waƙafi, zai riƙa matsawa hoto ɗaya gaba ko baya. Wannan dabara ta tsaga motsi ba sabuwa ba ce: tun 1878 wani mai hoto, Eadweard Muybridge, ya jera kyamarori a Kalifoniya ya ɗauki gudun doki daki-daki, daga baya ya ɗauki 'yan kokawa da 'yan damben boko, kuma har gobe masu katun na duba hotunansa. Amma kada ka ɗora takarda a kan bidiyo ka kwafe. Akwai masu yi, wani mai katun, Max Fleischer, ma ya ƙera na'urar yin haka a 1915, sai dai abin da ke fitowa yakan yi laushi kamar mutum na yawo a ruwa. Zane na son a ƙara masa gishiri fiye da yadda jiki ke yi.

Koma gida ka zana ginshiƙai huɗu da shuɗin fensir, mutum-mutumi kawai, ƙwallo a matsayin kai, ƙwai a matsayin ƙirji, layuka a matsayin gaɓoɓi. Na ɗaya tsayuwar auna juna. Na biyu ƙarshen harama, inda mai bugu ya zauna a ƙafar baya, mashi ya koma can ƙarshe. Na uku bugun. Na huɗu wanda aka buge a ƙasa. Kowanne ka fara shi da layi guda mai lanƙwasa daga diddige zuwa kai. Na harama ya lanƙwashe baya kamar bakan da aka ɗana, na bugu ya juye ya lanƙwashe gaba. Wannan juyewar ita ce ƙarfin. Sannan ka gwada su: cike mutumin da baƙi gaba ɗaya, ka nuna wa wani. In bai gane me ake yi daga inuwar ba, galibi hannun ne ya ɓuya a cikin ƙirji, fito da shi sarari.

Ga yadda nake raba 24 ɗin. Daga 1 zuwa 6 tsayuwa ce, rabin daƙiƙa, garkuwa na ɗan rawa, gwiwoyi na ɗan sauka da tashi. Daga 7 zuwa 11 harama. A nan tazarar da ke tsakanin zane da zane ta riƙa raguwa, ta yadda 10 da 11 sun kusa zama abu ɗaya. Ka tuna, inda layuka suka matsu nan motsi ke jinkiri, inda suka yi nisa da juna nan yake gudu. Jinkirin nan shi ke sa mai kallo ya riƙe numfashi, kuma shi ke jan idonsa zuwa inda abin zai faru. In ka hana shi, naushin zai wuce bai gani ba.

Zane na 12 shi kaɗai ne tafiyar hannun. Ɗaya tak. Kuma ba hannu mai kyau za ka zana ba: ja shi ya yi tsawo, ya baje kamar an shafa jiƙaƙƙen fenti da tsintsiya, ya bi hanyar baka daga baya zuwa gaba, domin gaɓoɓi a kewaye suke tafiya, ba a miƙe ba. In ka tsayar da shi za ka ji kunyarsa. A cikin gudu ba wanda zai gan shi, sai dai ya ji iskarsa. A wannan zanen ƙugu ya riga ya gama juyawa, hannun ne ke biyo baya.

Na 13 shi ne bugun, kuma a nan na daɗe ina kuskure. Nakan zana dunƙulen yana taɓa muƙamuƙi daidai. Wannan taɓawa ce, ba duka ba. Zana shi bayan ya riga ya shiga: kuncin ya lotsa, kan ya karkace, dunƙulen na inda kan yake ɗazu. Bar wannan zanen ya zauna gurbi biyu, 13 da 14, don ido ya kama shi. Wasu kan saka farar takarda ko zane mai baƙi da fari zalla na gurbi ɗaya kafinsa, kamar walƙiya. Yana aiki, amma sau ɗaya a faɗa ya isa, in ya yi yawa ido ke ciwo.

Daga 15 zuwa 18, mai bugu bai tsaya cak ba. Nauyinsa ya ja shi gaba, hannun ya zarce, ƙafar baya ta biyo ta tare shi. Layun da ke damtsensa da bakin wandonsa su ne na ƙarshen tsayawa, ka ba su zane biyu ko uku suna lilo bayan jikin ya natsu. Shi kuma wanda aka buge, kai ne ya fara tafiya, wuya ya ja ƙirji, hannaye suka rage a baya, gwiwa ta saki.

Saura faɗuwa, 19 zuwa 24. Abin da ke faɗowa ƙara gudu yake yi, kuma tazarar tana bin 1, 3, 5, 7. In ƙugunsa ya sauka da faɗin yatsa ɗaya a zanen farko, na biyu uku, na gaba biyar. Abu ya faɗo daga tsayin mita ɗaya bai kai rabin daƙiƙa ba, wato zane biyar zuwa shida. In ka ba shi goma sha biyu, ka mai da ƙaton ɗan dambe gashin kaza. Da ya taɓa ƙasa, jikin ya ɗan baje, ya ɗan tashi kaɗan, ƙura ta tashi ta gefe biyu.

Kada ka cike tsakani a jere daga 1 zuwa 24, mutumin zai riƙa ƙanƙancewa ba ka sani ba. Tsakanin ginshiƙai biyu, fara zana na tsakiya, sannan ka cike ragowar. Saka takardu uku ko huɗu tsakanin yatsun hannunka na hagu ka riƙa kaɗa su gaba da baya yayin da kake zane, ka sa ido a kan girman kai da kuma tafin ƙafar da ke ƙasa. Ƙafar da ta taka ba ta zamewa. Ni nakan zana layin ƙasa a takarda dabam in bar ta a ƙarƙashi kullum. Rubuta lamba a kusurwar kowace takarda tun kafin ka fara. Fanka ta taɓa watsa min takardu 30 marasa lamba a tsakar ɗaki, ban son tuna daren. A zafin Maris kuma ka sa guntun takarda a ƙarƙashin hannunka, gumi na dagula fensir.

Tun zanen na shuɗi, kafin fuska, kafin damtse, ɗauke shi ka gani. Ɗaure waya a saman tebur tana kallon ƙasa, ka kulle haskenta da saitinta don kada su riƙa canzawa, ka mayar da turakun ƙarƙashinta, ka ɗauki takardun ɗaya bayan ɗaya da manhaja irin su Stop Motion Studio, ka sa gudun a 12. Kalla sau goma. In naushin bai yi zafi ba, kada ka ƙara zane, cire ɗaya daga tafiyar hannu ka ƙara ɗaya a harama. Sai ya gamsar da kai a mutum-mutumi sannan ka ɗora sabuwar takarda ka fitar da tsabtataccen layi.

Ranar da ka fara sauya kusurwa, wanda ke hagu ya ci gaba da zama a hagu. Ka ɗauka akwai igiya daga wannan ɗan dambe zuwa wancan, kyamararka ba ta tsallaka ta, in ba haka ba mai kallo zai rasa wa ya bugi wa. Sauti kuma, jiƙa tsumma ka maka wa buhun masara, ka naɗa a waya. Ɗora shi a kan zane na 13, ko ka jinkirta shi da gurbi ɗaya, kada dai ya riga hoton. Kalangun kuwa ka yanke shi tun daga zane na 10, a yi tsit, sai bayan an kai ƙasa ya dawo tare da ihun 'yan kallo.

Na sake kai wa ƙanena na biyun, mai zane 24. Da aka zo na 13 sai na ga ya kauda kansa gefe. Ya ce, "Yaya, sake min." Yanzu harbi da ƙafa nake fama da shi, mako uku ke nan, ƙafar da ke tsaye ta ƙi ɗaukar nauyin. Ranar Lahadi zan koma in zauna kusa da Baba.