Ga mai shirin sayar da tsohuwar jita mai tsirkiya 12

Salamu alaikum 'yan uwa. Wanda Allah ya sa yana da irin wannan jita a ɗaki, don Allah kada ya kai wa kafinta ya shafe ta da sabon fenti wai don ta yi kyau. Masu tara tsofaffin kaya asalin jikinta suke saye, har da ƙujewar da ke kai. Da an sake fenti, kuɗinta ya faɗi.

Ka haska fitilar waya cikin ramin cikinta, ka ɗauki hoton takardar kamfani da lambar da ke jiki. Idan Yamaha ce mai jar takarda da rubutun Nippon Gakki, ta Japan ce, ta wajen 1970, kuma masana na nemanta.

Tsirkiya 12 na jan katako fiye da shida, shi ya sa wuyan irin waɗannan ke lanƙwasa, katakon da aka ɗaure tsirkiyoyin a kai kuma ya fara ɗagowa. Ka gwada zura takarda a ƙarƙashinsa. In ta shige, gam ya saki. Faɗa wa mai saye tun kafin ciniki, don ko ka ɓoye zai gani. Ga hunturunmu na Katsina kuma, bushewarsa kan tsaga bayan jita, sai a duba nan ma.

In za ka aika Kano ko Abuja ta tasha, sassauta tsirkiyoyin, ka cusa tsumma ƙarƙashin wuya, kuma sai kuɗi sun shigo asusunka direba ya karɓi jitar.