Yadda Za A Kare Kayan Kiɗa Daga Haƙoran Sabon Kare

Karen da aka kawo sabon gida yakan tauna abin da ya tarar saboda damuwar sauya wuri, ko kuma ƙaiƙayin dasashi idan kwikwiyo ne, domin haƙoransa na dindindin ba sa kammala fitowa sai ya kai kimanin wata 6 zuwa 7. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne ƙanshi, shi ya sa ganga mai fatar dabba da sarewar katako da ta sha gumin hannu suka fi shiga haɗari.

Matakin da ya fi inganci shi ne a keɓe ɗaki guda ga kayan, a riƙa rufe ƙofarsa ko da fitar ta ɗan lokaci ce. Idan babu ɗaki, a mayar da jita cikin akwatinta mai tauri, ba jakar yadi ba, wadda haƙori ke yagawa nan take, ko a rataye ta a bango inda tsalle ba zai kai ba. A naɗe wayoyin lantarki a ɗaga su sama, a kuma tsince guntayen tsirkiya, domin haɗiye su na iya huda hanji.

A tanadar masa abin tauna na roba, a yaba masa duk lokacin da ya zaɓe shi. Duka bayan ɓarna ba ya koya masa komai, tsoro kawai yake ƙara masa.