Darasi na Tara: Karanta Shekaru, da Labarin Bishof Ajayi Crowther

Duk wanda ya je yankar katin ɗan ƙasa ko buɗe asusun banki ya san tambayar da ke tsayar da dattawa: "Baba, wace shekara aka haife ka?" Sai mutum ya ce zamanin Sarkin Katsina Usman Nagogo, ma'aikaci kuwa lamba huɗu yake jira. Waɗannan lambobi huɗu za mu koya yau, ta labarin wani mutum wanda shi ma ba a rubuta ranar haihuwarsa ba.

Malami ya rubuta 1821 a allo. Daga hagu ake fara karanta ta: dubu ɗaya da ɗari takwas da ashirin da ɗaya. Masu karanta labarai a rediyo sukan ce "alif" a maimakon dubu ɗaya, duk abu guda ne. Kowa ya faɗa sau uku.

A wannan shekara ce mahara suka far wa Osogun, wani gari a ƙasar Yarbawa, suka kama wani yaro mai suna Ajayi tare da mahaifiyarsa. Shekarunsa kamar 12. Aka raba su, aka yi ta cinikinsa hannu zuwa hannu, har akwai ranar da aka yi musayarsa da doki. Daga ƙarshe Turawan Fotugal suka saye shi a Ikko, suka sa shi a jirgin ruwa. A 1822 jiragen yaƙin Ingila suka tare jirgin, suka kai bayin ƙasar Saliyo, aka 'yanta su.

Ga lissafin farko. Rubuta 1821, ka sa 12 a ƙarƙashinta ta hannun dama, ka ɗebe. Saura 1809. Littattafai ma cewa suke an haifi Ajayi wajen wannan shekara. Ku riƙe dabarar, za mu dawo mata.

A Saliyo ya koyi karatu. A 1825 aka yi masa baftisma, wato wankan shiga addinin Kirista, ya ɗauki sunan Samuel Crowther, a 1827 kuma ya zama ɗalibi na farko a kwalejin Fourah Bay. A 1841 ya shiga ayarin da ya hau kogin Kwara tare da wani Bajamushe, Schön, wanda daga baya ya wallafa ƙamus na Hausa a 1876. Bayan shekara biyu da wannan tafiya aka naɗa Crowther limamin coci.

Abin da ya fi taɓa zuciya ya faru ne a Abekuta a 1846. Can ya sake haɗuwa da mahaifiyarsa. Ta rabu da yaro ana jan sa da igiya, sai ga magidanci da mata da 'ya'ya. Ɗebe 1821 daga 1846. Shekara 25 ke nan uwa ba ta sa ɗanta a ido ba. Iyaye matan da ke ajin nan ba sai an yi musu bayani ba.

Ranar 29 ga Yuni, 1864, a babbar majami'ar Kantabari ta Ingila, aka naɗa shi bishof, baƙar fata na farko a cocin Angilikan. Bishof shi ne shugaban limaman coci na yanki guda, wanda ake kira dayosis. Shi ke naɗa limamai, shi ke zagaya coci-coci. Katsina ma tana da nata dayosis tun 1990. Yankin Crowther kuwa bakin Kwara ne, su Lakwaja da Anaca. Ya jagoranci fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci, ya rubuta littafin koyon Nufanci, ya kuma iya zama da sarakunan Musulmi. Ya sha zuwa Bida gaida Sarki Masaba. Da giyar Turawa ta addabi ƙasar Nufe, Crowther ne Sarkin Bida Maliki ya aika wa wasiƙa, don ya roƙi Sarauniyar Ingila a hana shigo da ita. Ba kowa sarki ke kai wa kukansa ba.

Ƙarshensa bai yi daɗi ba. Wasu samarin Turawan mishan, sa'o'in jikokinsa, suka zo suna kushe aikinsa, suna korar ma'aikatansa. A ganina ba su kyauta wa tsohon ba. Ya rasu a Ikko ranar 31 ga Disamba, 1891. Shekara nawa ya yi yana bishof? Wannan kowa ya lissafa da kansa.

To, mu dawo gida. Sarki Muhammadu Dikko ya rasu a 1944. An sami 'yancin kai a 1960, naira ta fito a 1973, Sarki Usman Nagogo ya rasu a 1981, an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Zaɓi wanda kake tunawa sosai, ka kintaci shekarunka a lokacin, ka ɗebe. Wadda aka kai ɗakin miji tana da shekara 15, shekarar da aka daina fam da sule, za ta ɗebe 15 daga 1973, ta sami 1958. In kana shakka, tambayi sa'anka ko wanda ya girme ka a unguwa. Rubuta shekarar da lambobi, sannan da kalmomi a ƙarƙashinta, ka zo da littafinka ranar aji mai zuwa.