Yadda Za Ka Yi Atisayen Gerund a Turanci

Gerund aikatau ne da aka ƙara wa -ing a ƙarshe har ya koma suna, kamar yadda "karanta" ke komawa "karatu" a Hausa. Ka fara atisaye da kalmomin enjoy, avoid da finish, ka gina jimla 5 da kowacce a kullum, domin gerund ne ke bin su: "I enjoy reading" daidai ne, "I enjoy to read" kuwa kuskure ne. Daga nan ka koma kan kalmomin "in", "of" da "after", waɗanda su ma -ing suke jawowa. Wani wurin da ɗalibai kan yi tuntuɓe, kuma nan ya kamata ka daɗe, shi ne "look forward to", wanda "seeing" ke biyo bayansa, ba "see" ba.