Yadda za ka gano kaskar ruwa a jikin sauro

Sauron da ke shan jininmu shi ma akwai masu shan nasa, wasu mitsi-mitsin ƙwari ne jajaye dangin kaska da suke rayuwa a ruwa, mafi yawansu tun sauro yana cikin ruwa suke maƙale masa, ranar da ya fito ya yi fiffike sai su haye jikinsa su kafa baki. Ɗalibai masu neman abin yin furojet wallahi ku duba wannan, ba ya cin kuɗi.

Abu na farko shine wajen kamu, kuma nan ne aikin yake. Kar ka ɓata lokaci kan sauron randa da tsoffin tayoyi wato Aedes aegypti, da wuya ka samu komai, kaskar ta fi son ruwan da ya daɗe a kwance mai ciyayi. Ka nufi gidajen da ke bakin fadama ko kududdufin da kainuwa ta rufe, don tsutsar sauron Mansonia a jikin saiwar kainuwa take maƙalewa tana shaƙar iska, shi da Anopheles mai kawo maleriya su ne irin kaskar da ake kira Arrenurus ta fi hawa. Ita kuwa Parathyas, wata irin kaskar daban, an fi ganinta a kan Aedes na dausayi.

Da asuba ka kamo waɗanda suka lafe a bango ko jikin gidan sauro, ka kife da kofi ka zura takarda ta ƙasa. Kowane sauro da robarsa daban don Allah, in ka haɗa su waje guda kaskar ta faɗo to ba ka san daga jikin wa ta fito ba, aiki ya lalace kenan. Ka sa su a firiza su mutu, sai ka ɗora kan farar takarda ka duba da madubin ƙara girma ko maikuroskof.

Za ka ga ɗigo-ɗigo ja ko ruwan lemo kamar an barbaɗa garin barkono, ƙafafu 6 gare su a wannan matakin na ƙuruciya. Ka rubuta guda nawa ne, sauron mace ce ko namiji, da inda suka kama, Arrenurus galibi a kan tumbin sauro take, Parathyas kuma a ƙirji.

Macen da ka samu da kaskar Arrenurus mai yiwuwa ba ta taɓa saka ƙwai ba, saboda lokacin da ta koma ruwa yin ƙwai ne suke sakinta, shi ya sa masu binciken maleriya suka yi amfani da su wajen ƙiyasta shekarun sauro. In za ka ajiye ka zuba a sifirit mai ƙarfin kashi 70, amma ka fara ɗaukar hoto da waya don launin yana koɗewa.